Darasi na Sha Uku

Gadarif, watan Yuni

'Yata Mardiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da sauran mutanenmu da ke Kamfala. Mu nan lafiya, sai ƙafata da take kumbura in na daɗe a tsaye. Yayana, babanki, ya zo daga Fau ranar Asabar. Ya rame, amma bakinsa yana nan yadda kika san shi. An yi ruwan farko, ƙasa ta fara riƙe takalmi.

Saƙonki ya shigo wayar ɗana marigayi Jamilu, wadda aka kawo mana tare da kayansa. Ita ce a hannuna yanzu. Zubaida, matarsa, ta buɗe mini, ita ce kuma za ta ɗauki hoton wannan takarda ta aika miki in shabaka, wato intanet, ta dawo. Kin ce ajin koyon aikin jarida da kuka fara a waya, ke da shi, ya cika har ana mayar da mutane, kuna son buɗe wasu a Doka da Fau da Basunda. Kina tambaya ko na yarda a ci gaba da sa darussan da ya naɗa da bakinsa kafin ya rasu.

Ni ban san kan aikin nan ba, karatuna bai wuce aji shida ba. Abin da na sani, yakan zauna gindin darbejiya da waya kusa da baki, yana ta magana shi kaɗai. In na ɗauki tsintsiya sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Yumma, mutum ɗari ne za su ji sharar nan." Ni kuwa in ce, "To su ji, su san gidan da ka fito ana shara." Har yau ana jin tsintsiyata a darasi na huɗu. A na bakwai kuma zakaran Jummare maƙwabciyata bai bar shi ya kai ƙarshen magana ba.

'Yan ajin suna zuwa gaishe ni. Wata mai sayar da shayi a tashar lori ta ce tun da ta ji darasinsa, in aka ce mata "an ce", sai ta tambaya wa ya ce, har abokan cinikinta sun fara tsoronta.

Don haka na yarda. Muryar nan sadakarsa ce. Ku kai ta duk inda za ta kai, ba sai kin sake tambayata ba.

A watan Agusta zai cika shekara da rasuwa. Kin san ban ga gawarsa ba. Zazzaɓi ya kama shi a Basunda, taɓo ya yanke hanya, aka yi masa sutura a can, mu labari ne ya same mu ta waya. Ban je ba har yau. Ina ta cewa sai rani, rani ya zo ya wuce.

Akwai wani labari. Lawali, makanikin tarakta a wani mashru'i, wato babbar gona, kusa da Doka, ya aiko neman Zubaida. Mutumin kirki ne. Ta zo ta durƙusa tana kuka tana gaya mini, na ce ta tashi, ba za ta tsufa tana yi mini tuwo ba. An ce a ɗaura bayan an yanke riɗi.

Ki gaida kowa.

Gwaggonki,
Saratu

*

Kamfala, watan Yuli

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin takardarki, na karanta ta sau biyu. Mu lafiya, yara sun saba da ayabar nan har sun daina neman kisra, wainar dawarmu ta gida. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Na yi murna da maganar Zubaida, Allah ya sanya alheri.

Ga abin da muke shiryawa. Aji uku za mu buɗe kafin ƙarshen shekara, Doka da farko, sannan Fau da Basunda. Kowane aji zai sami gurub nasa a waya da wani tsohon ɗalibi mai duba aikin sababbi. Wata ƙungiya ta ce za ta ɗauki nauyinmu na shekara biyu, amma sai mun nuna mata cikakken karatu daga farko zuwa ƙarshe. Jamilu darasi goma sha biyu ya bari. Ya koyar da yadda ake tambaya da yadda ake tabbatar da labari. Bai kai ga yadda ake ba da labarin haɗari ba, ko yadda ake gane hoton ƙarya, ko yadda ake hira da wanda yaƙi ya koro ba tare da an ƙara masa ciwo ba. Muna bukatar kamar ashirin a kai.

Mun gwada wasu muryoyi. Wani malami daga Kano ya naɗa mana biyu, masu kyau ƙwarai, amma ɗalibai suka ce Hausarsa ta rediyo ce, suna ji kamar ana karanta musu labarin wata ƙasa. Ni ma na gwada, suka ce ina sauri kamar mai gudun ruwa. Rabinsu ba su kai ƙarshe ba. Jamilu suke so.

Akwai wani abokin aikinmu, Hamoda, mai harkar na'ura. Ya nuna mini wata manhaja da ake ba ta muryar mutum ta saurara, ta koya, daga nan duk abin da aka rubuta mata sai ta faɗe shi da wannan muryar. Ya ba ta darussan Jamilu. Ni na rubuta darasi na sha uku, a kan ba da labarin haɗari, na yi misali da lorin da ya kife a kwarin da ke hanyar Doka watan jiya. Na haɗa miki shi da wannan takarda. Gwaggo, kada ki kunna sai kina zaune. Ni da na san abin da ke ciki sai da na fita waje.

Na san kin ce kada in sake tambayarki, amma wannan daban ne, shi ya sa nake tambaya. In kin yarda, da muryarsa za mu gama sauran, a ƙarƙashin kowane darasi kuma mu rubuta cewa na'ura ce ta karanta da muryar marigayi. A tsakiyar Agusta muke son buɗe ajin Doka. Ki ba ni amsa kafin nan.

'Yarki,
Mardiyya

*

Kamfala, ƙarshen Agusta

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya, don shirun ya yi yawa. Na ga alamar an buɗe saƙona tun watan jiya, amma ba amsa. Na kira babana, ya ce kina lafiya, an yi wa Jamilu addu'ar shekara, Allah ya jiƙansa. Na san kwanakin nan masu nauyi ne a gare ki, ban so in matsa ba.

Ranar buɗe aji ta zo. Na koma kan takardarki ta farko, inda kika ce mu kai muryar duk inda za ta kai, na ɗauki shirunki a kan haka. Mun saki darasi na sha uku a ajin Doka kaɗai, da rubutun bayani a ƙasansa kamar yadda na faɗa. Kowa ya saurara har ƙarshe. In ba ki so, kalma ɗaya ta isa.

Mardiyya

*

Gadarif, watan Satumba

Mardiyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ƙafar da sauƙi. Damina ta yi kyau, an ce riɗi ya yi 'ya'ya.

Shiruna ba yarda ba ne, ba kuma ƙi ba ne. Ranar da saƙonki ya zo, Zubaida ta kunna, ya ce "Assalamu alaikum 'yan aji", sai ta ajiye wayar a kan tabarma ta shige ɗaki. Ni na zauna na ji har ƙarshe. Daga nan na koyi inda ake dannawa. Kullum in na idar da sallar walha sai in kunna. Na san inji ne, kin gaya mini. Ba ya jan numfashi, ba ya gyaran murya, babu zakara babu tsintsiya. Amma magana ce da ban taɓa ji daga bakinsa ba, kuma shekara guda ke nan ban ji sabuwar magana daga Jamilu ba. In na ɗauki biro in ce miki a'a sai in kasa, in ce miki i sai in kasa. Kwanaki suka tafi a haka.

Ranar Talatar da ta wuce ina tsince wake, sai na ji guɗa a ƙofar gida. Jummare ce a gaba, da mata a bayanta, kowacce da ƙullin sukari.

"Mabruk, Saratu, barka da arziki! Ashe ke ma kin iya ɓoye magana? Shekara muna kawo miki kuka kina karɓa!"

Na ce, "Mabruk na me?"

Ta zaro waya daga ƙirji ta kunna mini darasi na sha uku. Wai ɗan 'yarta, yaron lori, shi ya samo a Doka. Na ce mata inji ne, Mardiyya ta sa aka yi. Ta ce, "Inji? Injin niƙa ko na ban ruwa? Ni na yi miki wankan jegonsa, ban san muryar Jamilu ba? To gaya mini, wanda ya mutu bara, ina ya san lorin da ya kife bana?"

Ba su tafi ba sai da suka sha jabana, gahawarmu. Ɗaya ta ce tun da aka fara yaƙin nan mutum nawa aka yi wa zaman makoki ya dawo da ƙafarsa. Gaskiya ta faɗa. Ƙanin mijin Jummare an raba gadonsa, sai ga shi ya sauko daga bas da gemu.

Yanzu ga abin da gari yake cewa. Wai aikin jaridar ne ya sa ake nemansa, sai ya ce a ce ya mutu. Wai Basunda bakin iyaka ce, ya tsallaka Habasha, daga can ya wuce wurinki. Wai maganar inji ke kika ƙirƙira don ki rufa masa asiri. Ƙanin babansa ya sayi rago ya ɗaure a gidana, na karama, wato na sadakar godiya, ya ce ranar da Jamilu ya kira za a yanka. Ragon yana cin wakena.

Liman ya aiko ya ce ba zai ɗaura wa Zubaida aure ba sai magana ta fito fili, don ba a ɗaura aure a kan aure. Lawali ya zo da kansa, ya tsaya a zaure bai shigo ba. Ya ce, "Hajiya, in yana raye, ni ne farkon wanda zai yanka masa." Ya faɗa yana kallon ƙasa. Zubaida ta riga ta fara zaman hayaƙi irin na amare, a kan ramin turare. A ranar ta zuba ruwa a ramin, ta rufe shi da faifai. Ba ta cin abinci sosai. Ba ta san ko ita matar aure ce ko ba ita ba.

Ni na san abin da kika rubuto mini. Na nuna wa Liman, ya ce takarda ce, murya kuma ga ta kowa yana ji. Tun ina musu da su har na fara zama ina lissafi. Ban ga gawa ba. Wayarsa aka kawo mini da riga biyu.

Mardiyya, ke 'yar yayana ce, a hannuna aka yaye ki. Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Yana wurinki? In yana nan ba zan gaya wa kowa ba, ko Zubaida, sai yadda ya ce. Ba na neman ya kira ni. Ki rubuta mini i ko a'a.

Saratu

*

Kamfala, watan Satumba

Gwaggo,

A'a. Wallahi tallahi ba ya wurina. Jamilu ya rasu. Da yana raye da ni zan fara kawo miki shi ko a bayana ne. Kowace kalma a darasin nan ni na rubuta ta, a kan teburin da yarana suke cin abinci.

Ki yafe mini. Na ɗauki shirunki a matsayin abin da nake so ya zama. Kuma ban yi tunanin yadda darasi yake tafiya a wurinmu ba. Mun sa bayanin a rubuce a gurub. Amma 'yan Doka ba su da shabaka a gona, mutum ɗaya ne yake saukewa in ya shigo gari, sauran su karɓa waya zuwa waya. Sautin ne kaɗai yake tafiya, rubutun yana zama a inda muka sa shi. Jamilu ya san haka, shi ya sa komai da baki yake faɗa. Ni na manta.

Na cire darasin daga gurub, na rubuta wa Liman, na kuma naɗa bayani da muryata. An ce mini mutane suna cewa dama me zan ce.

Amma zan gaya miki ɗaya gefen, don kada in ɓoye miki. Tun da darasin ya fita, masu neman shiga aji sun ninka. Daga Fau, daga Basunda, har daga sansanin waɗanda yaƙi ya koro. Ƙungiyar nan za ta yanke shawara a watan Nuwamba, kuma abin da ya burge su ke nan. Hamoda ya ce za a iya gyarawa: kowane darasi ya fara da muryar tana cewa, "Ni ba Jamilu ba ne, na'ura ce, Jamilu ya rasu." Ta haka bayanin ba zai rabu da sautin ba. Yara da yawa za su koyi aikin da ya mutu yana koyarwa. In babu muryar, ban san ko za mu kai Fau ba.

Ba zan sake yin komai ba sai na ga rubutunki. Ko shekara za ki yi, zan jira.

'Yarki,
Mardiyya

*

Gadarif, ƙarshen Oktoba

'Yata Mardiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu lafiya. An yanke riɗi, gari ya cika da lorori da leburori. Babanki yana gaishe ki, shi ya raka ni tafiyar da zan ba ki labari.

Na yarda da rantsuwarki. Amma na ga ba zan iya tsayawa gaban mutane da rantsuwar wani ba, don haka da hanya ta bushe na hau lori na je Basunda.

Mun sauka gidan Abdulhamidu, tela ne, a ɗakinsa Jamilu ya yi jinya, shi ne kuma ya yi masa wanka. Dattijo ne mai ƙaramar murya. Maganar ta riga mu isa can. Ya ce har shagonsa ake zuwa ana tambayarsa nawa aka ba shi ya binne itace. Ya daina zuwa masallacin kasuwa saboda haka.

Na ce masa, "Malam, me ka gani a jikinsa?"

Ya ce, "Hajiya, kin san mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani. Amana ce tsakanina da shi."

Na ce, "Na sani. Ni na fara yi masa wanka, kai ka yi na ƙarshe. Ba aibinsa nake tambaya ba."

Aka kawo mana shayi. Babanki ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Can sai Abdulhamidu ya kai hannu bayan kafaɗarsa ta hagu, ƙasa kaɗan, ya ce, "Tabon ƙuna, kamar faɗin tafin yaro. Tsoho ne, ya girma tare da shi."

Butar shayi ce ta ƙona Jamilu. Yana rarrafe ya jawo ta. Ba ya cire riga gaban mutane saboda shi, ko a rafi.

Abdulhamidu ya kai mu maƙabarta. Ƙasar can baƙa ce kamar tamu, ta tsattsage. Sun kafa wa Jamilu faifan garmar tarakta a wajen kai, an rubuta sunansa da farin fenti, ruwa ya ci rabi. Na tsaya daga gefe na yi masa addu'a. Ban yi kuka sosai ba. Na ga wurin yana da inuwa da yamma.

Abdulhamidu ya biyo mu Gadarif da kuɗin motarsa, ya ƙi karɓar na babanki. Ranar Juma'a bayan sallah ya tsaya tare da mutum biyu da suka sa Jamilu a kabari, suka yi shaida gaban Liman da jama'a. Da yamma mata suka dawo gidana, su Jummare, da wani sukarin. Wannan karon ba guɗa. Jummare ta zauna kusa da ni ta ce, "Saratu, sau biyu na kashe miki ɗa." Na ce ba ita ba ce. Muka shimfiɗa tabarmi kamar bara.

Yanzu amsarki. Na yi tunanin abin da Hamoda ya ce. Kina so in ji ɗana yana cewa shi ba shi ba ne, ya mutu, sannan ya ci gaba da magana. Sau ashirin. Ba zan iya ba, kuma ko na iya, Jummare za ta ce ai dole ya faɗi haka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Jamilu an ɗauke masa alƙalami. Abin da ya faɗa ya faɗa, shi zai amsa. In kin rubuta kuskure, ko Hamoda, ko wanda zai zo bayanku da ban san shi ba, mutane za su ce Jamilu ya ce. Ba ya nan balle ya ce bai ce ba. Ni ce nake nan.

Sha biyun nan nasa ne, ku kai su har inda ƙasa ta ƙare. Na sha uku ba nasa ba ne. Kada a yi na sha huɗu. Ki ce wa Hamoda abin da injin ya koya ya mantar da shi, in ana mantarwa.

Na san abin da wannan zai jawo miki. Ban ce ba ki da gaskiya a kan yaran Fau ba.

Gwaggonki,
Saratu

*

Kamfala, watan Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da hanya. Na so a ce ina tsaye kusa da ke a wurin.

An yi yadda kika ce. Ina zaune Hamoda ya goge muryar daga manhajar, na sa ya nuna mini wurin babu komai. Wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba mu da iko da shi, sai dai ya tsufa a can.

Na gaya wa ƙungiyar. Ba su ji daɗi ba. Sun ce shekara ɗaya za su ɗauka maimakon biyu, aji ɗaya maimakon uku. Doka za ta ci gaba. Fau da Basunda sai wani lokaci, in akwai shi. Na rubuta wa waɗanda suka ba da sunansu na ce su yi haƙuri, wasu sun amsa, wasu sun fita daga gurub.

Sauran darussan tsofaffin ɗalibai ne za su karanta, kowa ya faɗi sunansa da unguwarsu a farko. Mai shayin tashar lori ta naɗa na farko. Ta yi tuntuɓe sau da yawa, ana jin ƙarar kofuna. Ban sani ba ko za su saurare ta har ƙarshe.

Yaya Zubaida?

'Yarki,
Mardiyya

*

Gadarif, watan Disamba

'Yata Mardiyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ana ta yankan dawa. Na ji abin da ƙungiya ta ce. Allah ya buɗa wata ƙofar. Babanki ya ce in gaya miki yaran Fau ba za su mutu ba don sun jira, amma na ga ransa bai so ba, akwai jikan abokinsa a cikinsu.

An ɗaura auren Zubaida ranar Alhamis. Ba a yi taro mai yawa ba. Ragon karama shi aka yanka, ƙanin baban Jamilu ya ce ai ya ci waken gidan nan, a gidan nan zai ƙare. Har yanzu akwai masu cewa yana Habasha. Ranar nan wani ya tare ni a kasuwa ya rage murya ya ce in gaishe shi. Na ce masa to.

Abu ɗaya ya rage da ban gaya miki ba. Na ce ki sa a goge, amma darasin da kika aiko mini yana nan a waya. Na dawo daga Basunda ban sake kunnawa ba, ban kuma iya cirewa ba. In na kai yatsa sai in ajiye.

Jiya da safe motar Lawali ta zo ɗaukar Zubaida da kayanta zuwa Doka. An gama ɗaure gado da katifa, ta shigo yi mini sallama. Na miƙa mata wayar na ce, "Na sha ukun nan. Ki cire mini kafin ki tafi."

Ta ce, "Yumma, kin tabbata?"

Na ce ban tabbata ba, ta cire kawai. Na fita tsakar gida na tsaya ina kallon masu ɗaurin kaya. Ba ta daɗe ba ta fito ta sa mini wayar a hannu, ta shiga mota.

Wannan takarda 'yar Jummare ce za ta ɗauki hotonta, in ta fito a karkace ki yi haƙuri. Ki gaida maigidanki da yara.

Gwaggonki,
Saratu